Hannun da Ya San Jima

A mahautar Oko-Oba na san shi,
ranar da ruwa ya cinye titin Agege.
Manyan kamfaninsu na Ilupeju a mota suke zama,
gilashi a rufe, hankici a hanci.
Shi kuwa ya naɗe hannun riga ya tsuguna,
ya juya kirgin bijimi kamar ungozoma,
ya ce gishiri bai ratsa wuyan ba.
Na ce a raina, wannan hannu ya san jima.

Yesupadam sunansa.
Harshena ya gaza, na ce Padam, ya amsa.

Sai da muka yi damina biyu muna ciniki
kafin ya kwance bakin jaka,
a teburin mai shayi, ƙarƙashin gada.
Ya ɗaga kofin roba yana dubawa.
Ya ce, a garinmu na kakana daban yake,
a rataye a ƙusa, a waje,
shi zai sha, shi zai wanke, ya ajiye kuɗin a ƙasa.
Mu ke jan mushen shanu, mu feɗe, mu jeme.
Kowa na taka takalminmu,
ba mai taka ƙofarmu.

Wata shekara wani mai wa'azi ya zo a keke.
Kakana bai riƙe ko aya guda ba.
Abin da ya riƙe,
mutumin ya sa hannu a kwanonsa ya ci shinkafa,
ya kuma lashe yatsu.
Loma ce ta ja mu, in ji shi, wa'azi daga baya ya iso.
Unguwa guda, rana guda, suka shiga kogi,
suka fito da sababbin sunaye, jiƙe sharkaf.

Masu gonaki suka hana su ƙwadago har kaka biyu.
An ci ganye. An binne yara uku.
Amma makaranta ta buɗe,
uwarsa ta zama nas, tana taɓa jikin waɗanda
da ko inuwarta ba sa so.
Hukuma ta cire su daga jerin masu tallafi,
wai ruwan baftisma ya wanke musu ciwon.
A maƙabartar cocin kuwa akwai katanga:
matattunmu nan, nasu can,
kada ƙashi ya ɓata ƙashi.

Har nan Ikko, ya ce, bayan teku da jirgi biyu,
manaja ya tambaye ni garinmu, sannan sunan kakana,
ya yi shiru irin na wanda ya gama lissafi.

Na juya cokali a shayina.
Ni Sallau, jikan majema ne.
A sahu kafaɗata na gogar ta mai gidan bene,
ba wanda ya taɓa matsawa.
Amma da na je neman aure a wani zaure,
an tarbe ni da tabarma da ruwan sanyi,
aka tambayi sana'ar gidanmu,
aka ce a je, za a yi shawara.
Shekara goma sha tara ke nan ana shawarar.

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ya ce, ka san abin mamaki?
Ran Lahadi wani ƙaramin coci nake zuwa a Mushin,
rufin kwano, janareto na tari.
Can oyinbo suke ce mini.
Ni! Kujerar gaba suke ba ni.
Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta rungume ni ranar farko,
ƙarninta da warina suka gaisa,
na fita waje na yi kuka a jikin wata danfo.

Mai shayi ya ce kofuna sun ƙare, a yi haƙuri.
Padam ya miƙo nasa, da saura.
Na shanye.
Sukari ya yi yawa, yadda yake so.